Na'Allah da Saniyar da Ta Zama Shaida

Na'Allah mutumin wani ƙauye ne a yammacin Mai'aduwa, amma ya fi shekara talatin rabonsa da ya yi damina cikakkiya a gida. Ya sauko kudu da ƙuruciyarsa, ya fara da turin baro a Kasuwar Ochanja ta Anacha, yana kwashe buhunan albasa da wake daga bakin mota zuwa rumfuna. Shekara shida yana wannan aiki, har bayansa ya fara yi masa gardama. Daga nan ya koma Inugu wajen wani mahauci ɗan garinsu, ya kama ɗaki a Ogui, ya je gida ya ɗauko matarsa Kulu. A ɗakin nan aka haifi 'ya'yansu mata uku, waɗanda suka tashi suna jin Ibo kamar a bakinsu aka yi shi. Shi kuwa har ya yi furfura bai wuce 'yar buroka, gurgun Turancin nan, da za ta kai shi kasuwa ta dawo da shi ba.

Abin da ya iya tun asali shi ne shanu. Mahaifinsa yana da shanun huɗa, a cikinsu ya buɗe ido. Fatake suka lura cewa in sa ya kafe a kara ya ƙi motsi, mutum huɗu suna ja suna zagi, Na'Allah yakan zo ya dafa masa tozo, ya yi masa 'yar magana ƙasa-ƙasa, sai ka ga ya bi. Ta haka ya zama ɗan rakiyar tirela.

Aikin rakiya ba kowa ya san shi ba, ko da yake kowa ya taɓa ganin masu yin sa a zaune kan katako a saman mota. Tirela takan taso daga arewa da shanu talatin da wani abu, a tsaye, an ɗaure ƙahonninsu sama a jikin ƙarfe, a yi kwana biyu ko uku a hanya. In saniya ta gaji ta kwanta, sauran za su tattake ta har ta mutu. Aikin ɗan rakiya shi ne ya sauka cikin ƙahonni da kashi, mota tana gudu, ya tayar da ita. Kowa da dabararsa. Wasu barkono suke zuba mata a ido, wasu sanda mai ƙusa suke riƙewa. Na'Allah bai taɓa yin ko ɗaya ba, kuma yana alfahari da haka. Shi yakan zuba mata ruwa a ka, ya yi mata fito, ya murɗa wutsiya. In duk wannan ya gagara, sai ya kama bakin wutsiyar ya cije. Babu saniyar da ke da sauran rai da ba za ta miƙe ba in an yi mata haka.

Shekara goma sha tara yana rakiya, mafi yawansu a motocin wani falke mai suna Alhaji Badaru, wanda ke kai kaya Fatakwal. Da wuya a lissafa masa mushe biyu a shekara.

Wata ranar Alhamis cikin watan Maris suka iso Fatakwal da hantsi, bayan kwana biyu da yini a hanya. Garin ya yi zafin nan nasa mai danshi, wanda riga ke manne wa mutum a baya. Da suka karya kwanar da za ta kai su abatuwa, wato mayanka, sai suka tarar da tirela biyu a tsaye a gabansu. Daga saman mota Na'Allah ya hango mutane kamar ashirin, maza da mata, sanye da koren riguna iri ɗaya, sun zauna a ƙasa sun tare ƙofa. Suna riƙe da kwalaye masu rubutu da hotunan shanu. Ya ɗauka rikicin haraji ne, ko kuwa mota ce ta kaɗe wani ɗan unguwa.

Muhyiddeen, sakataren ƙungiyar fataken shanu, haifaffen Fatakwal ne mai jin Turanci da buroka, ya zo gindin motar yana share gumi.

"Baba Na'Allah, sannu da hanya. Sai dai ku yi haƙuri, zanga-zanga ake yi."

"Ta mece ce?"

"Saboda shanu."

"Shanun wa?"

"Shanun kowa. Sun ce ana wahalar da su a hanya, ba ruwa ba hutu."

Na'Allah ya leƙa ƙarƙashinsa, ya dubi bakunan da ke zubar da kumfa. Ya ce, "Ai gaskiya suka faɗa. To su buɗe mana mu sauke su mana."

"Sun ce ba za su tashi ba sai wani daga gwamnati ya zo ya karɓi takardarsu."

Babu wanda ya zo. A cikin abatuwar akwai tudun ƙasa inda tirela ke ja da baya ta jingina, shanu su tako su sauka a hankali. A waje babu komai sai kwalta da bakin kwata. Aka yi awa ɗaya, aka yi biyu, aka shiga ta uku. Shanu biyu suka kwanta, ya tayar da su. Alhaji Badaru ya bugo waya daga Kano ya ce a sauke kayan a duk inda aka samu. Direba ya ja da baya zuwa wani wuri mai ɗan tudu a gefen titi, amma duk da haka tsakanin ƙofar mota da ƙasa ya kai kugun mutum.

Ana buɗe ƙofa, wata farar saniya tsohuwa, mai ƙaho ɗaya da ya lanƙwasa ƙasa, ta durƙushe a daidai bakin fita. Na bayanta sun ji iska, sun fara turowa. Na'Allah ya san in ya bar ta minti biyu za su bi ta kanta. Ya zuba mata sauran ruwan jarkarsa, ba ta motsa ba. Ya murɗa wutsiya, ba ta motsa ba. Ya kai mata sanda uku a cinya, masu ƙarfi. Sannan ya sunkuya ya cije wutsiyar. Ta zabura ta yi tsalle, ta dira a karkace. Duk wanda ke kusa ya ji ƙarar ƙashin ƙafarta ta baya.

Da ya ɗaga kai, sai ya ga masu koren riguna sun baro ƙofa sun kewaye motar, kowa ya miƙo waya.

'Yan sanda sun iso bayan azahar, mota biyu. Mahauta sun riga sun fito da yawa, ana ta cacar baki, wani ya yayyaga kwali ɗaya. Aka kama mutum huɗu cikin masu zanga-zangar, har da shugabarsu, wata doguwar mace mai tabarau da ake kira Dakta Belema, likitar dabbobi. Tana shiga mota ta nuna Na'Allah ta ce in har doka ake bi, to a haɗa da wannan. Ta nuna wa jami'in da ya jagoranci 'yan sandan bidiyon a wayarta, ta ambaci lambar wani sashe na doka da ka, kamar mai karanta lambar gidansu. Jami'in ya dubi taron da ke ɗaukarsa a waya, sai ya yafito Na'Allah. Aka kuma samo motar kwasar nama, ƙarti takwas suka ɗora saniyar tana nishi.

Na'Allah ya tambayi Muhyiddeen, wanda ya biyo su, "Ita kuma me ta yi?"

"Ita ce shaida, Baba."

A caji ofis aka zaunar da shi a benci ɗaya da matar da ta sa aka kama shi. Wani saje mai tumbi ya ɗauko wani littafi da bangonsa ya cire, yana lasar yatsa yana buɗewa, har ya gano wurin. Ya ce shekararsa ashirin da biyu yana aiki, ba a taɓa kawo masa irin wannan ƙara ba, amma ga shi a rubuce: dukan dabba ko azabtar da ita laifi ne. Aka kunna wa Na'Allah bidiyon. Bai kai minti ɗaya ba. Babu rana a ciki, babu awa ukun da aka yi, babu shanun da ke turowa daga baya. Akwai wani dattijo mai jajayen idanu, ya yage baki, yana sauke sanda, sannan ya kai haƙora. Na'Allah ya kalla har sau biyu. Rigar tasa ce, hular tasa ce. Fuskar ce bai sani ba.

Kafin la'asar ƙungiya ta yi belinsa. Saniyar kuwa aka ce ba ta da beli. An sauke ta a bayan ofis, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, tsakanin kekunan da aka kama da wata bas da ciyawa ta tsiro a cikinta. An rubuta lamba a kwali an rataya mata a ƙaho. Muhyiddeen ya roƙi saje a bari a yanka ta tun tana da amfani, a ajiye ƙafar a matsayin shaida. Saje ya ce abin da ya shiga littafi a matsayin saniya, saniya zai je kotu, shi ba zai ɗauki alhakin mayar da shi nama ba.

Washegari da safe Na'Allah ya sayi ƙunshin ciyawa a hannun masu yanka ta bakin fadama, ya ari bokiti, ya tafi caji ofis. Saje ya daɗe yana tunanin ko wanda ake tuhuma yana da izinin taɓa shaida. Da ya tuna babu wani a ofis da zai yi wannan aikin, sai ya ce ya shiga. Saniyar tana kwance a gefenta, ƙudaje sun rufe ƙafar, ƙashin ya huda fata. Ta sha bokiti biyu. Ciyawar ba ta taɓa ba.

Ranar Asabar ya tarar da Dakta Belema a wurin, ita ma an ba da belinta. Ta zo da ƙaramar jaka, ta tsuguna a cikin laka da wandonta mai kyau tana wanke raunin. Ya tsaya daga nesa da bokitinsa. Ita ce ta fara magana, cikin buroka mai sauƙi don ya gane, ta ce ya zo ya riƙe mata kan. Ya riƙe. Ya ga hannunta ya san shanu, ba ta tsoron ƙaho, kuma ta san inda ake dafawa.

Da ta gama yi mata allura ta ce, "Malam, don me ka cije ta?"

Ya nemi kalmomi ya rasa, sai ya kwatanta da hannu: ga ta a ƙofa, ga talatin a baya, ga kofato. Ta saurara, ba ta katse shi ba.

Shi ma ya tambaye ta, "Dakta, ke ba kya cin nama?"

"Ina ci."

"To yanka ba laifi?"

"A doka ba laifi ba ne. Wasu abokaina suna cewa laifi ne. Ni abin da nake so, kada ta sha wuya kafin a yanka."

"Wuƙa babu laifi, sanda da laifi."

"Kusan haka."

Ya gyaɗa kai don ladabi, amma abin bai zauna masa ba. Ta ce wannan ƙafar ba za ta warke ba, tana da allurar da za ta sa saniyar ta yi barci ta wuce ba tare da jin komai ba. Ya ce wannan ai mushe ke nan, halittar Allah ta taho tun daga Mai'aduwa ta ƙare a juji. Shi yana da wuƙa, cikin ƙiftawar ido zai hutar da ita, mutane kuma su ci. Suka ɗan ja maganar, kowa a kan bakansa. Daga ƙarshe suka tafi tare wajen saje, ta ce ko allura ko wuƙa, duk wanda ya zaɓa. Saje ya dube su su biyu, ya ce shi bai taɓa ganin mai ƙara da wanda ake ƙara sun haɗa baki a kan lalata shaida ba, kuma duk wanda ya taɓa ran saniyar nan zai kwana a ciki.

Ranar Litinin aka kai shi kotu, aka ce majistare ta tafi taro. Ranar Laraba aka ce fayil bai iso ba. Kulu ta bugo daga Inugu, ta ce Munira, babbar 'yarsu, ta ga bidiyon a wayar wata ƙawarta, an yi rubutu a ƙasansa da ta ƙi fassara mata.

"Baban Munira, wai da gaske saboda saniya za a ɗaure ka?"

"Haka suka ce."

"Sata suka ce ka yi?"

"A'a. Duka."

Ta ce, "To ita ce ta kai ƙara?"

Ya ce shi ma bai gama ganewa ba, in ya dawo zai yi mata bayani.

Sai ranar Juma'a, kwana takwas da faruwar abin, aka kira sunansa. Majistaren mace ce mai ƙaramar murya. Babu tafinta a kotun, aka rantsar da Muhyiddeen. Aka karanta tuhuma, aka tambaye shi ko ya aikata.

Ya ce, "Na doke ta sau uku, na kuma cije ta. Amma da ban yi haka ba…"

Muhyiddeen ya fassara rabin farko, yana shirin jin sauran, sai lauyan da ƙungiya ta ɗauko ya miƙe ya ce wanda yake karewa ya amsa laifinsa, yana neman sassauci, dattijo ne mai iyali. Na'Allah ya ga ana rubutu, ya ɗauka bayaninsa ake rubutawa, sai ya ci gaba da magana a kan rana da ƙofa da tudun ƙasa har aka ce ya yi shiru.

Majistare ta buɗe littafi, ta karanta hukuncin da doka ta tanada: ɗaurin wata shida, ko tarar naira hamsin. Wani a bayan kotu ya yi dariya, wasu suka taya shi. Ta ɗaga kai ta ce ita ba ta ga abin dariya ba. Dokar ta girme ta, lokacin da aka rubuta wannan adadi kuɗi ne mai nauyi, kuma ba ita ke da ikon canza shi ba. Ta ce ta kalli bidiyon, abin da ta gani bai yi mata daɗi ba, amma ba za ta kai mai shekara hamsin da biyar gidan yari a kan laifin farko ba. Ta ci shi tarar, ta kuma ba da umarnin a mayar wa mai saniya saniyarsa.

A waje Na'Allah ya riƙe rasiɗin yana juya shi. Ya ce wa Muhyiddeen, "Kuɗin ruwan leda ke nan. Wato na yi laifi ko ban yi ba?"

"Ka yi, Baba. Ai ga takarda."

"To in laifi ne, ya aka yi ya yi arha haka? In kuma ba laifi ba ne, me ya sa saniyar ta kwana takwas a ƙasa?"

Muhyiddeen ya ce su yi sauri kada su rasa Juma'a.

Takardar sakin saniyar ba ta fito ba sai ranar Litinin, don mai buga ta ya tashi da wuri. Suka je da hantsi, shi da Muhyiddeen da mahauta biyu. Dakta Belema ta riga su zuwa. Saniyar tana da sauran numfashi, amma haƙarƙarinta duk sun fito, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har cinya. Na'Allah ya juya ta ta fuskanci gabas, ya dafa mata goshi, ya yi bisimilla ya yanka. Ba ta ko shure ba. Da mahauta suka fara fiɗa, wari ya taso. Dakta ta duba hanta da cinyar ta ce wannan nama bai halatta a kai shi kasuwa ba, ruɓar ta shiga jiki, ga kuma allurai da ta yi ta yi mata. Mahautan ba su yi musu ba, hancinsu ya riga ya gaya musu. Aka haƙa rami a bayan bas ɗin nan aka binne ta. Saje ya sa Na'Allah ya dangwala hannu a littafi cewa ya karɓi saniya ɗaya lafiya.

Alhaji Badaru bai yi masa faɗa ba. Ya dai ce yanzu fuskarsa ta zama sananniya, duk shingen da aka gan shi a saman mota za a tsayar da ita, gara ya ɗan huta tukuna. Hutun bai ƙare ba har yau. Na'Allah ya koma Inugu. Ya nemi aikin gadi a wani kamfanin sayar da tayil, mai ɗaukar ma'aikata yana cike takarda ya tambaye shi ko kotu ta taɓa kama shi da laifi. Ya ce e. Aka ce wane iri. Ya ce ya ciji saniya. Mutumin ya ajiye biro ya dube shi, ya ce za su neme shi. Daga baya ya samu wuri a kara yana sayar da dusa da harawa, yana kuma ba shanun fatake ruwa.

Ya ɗauka magana ta ƙare, sai ga sammaci. Shari'ar Dakta Belema da mutanenta uku tana nan, ana tuhumarsu da tare hanya da tayar da hankalin jama'a, kuma Muhyiddeen ya ce tasu ta fi tasa nauyi nesa ba kusa ba. Masu gabatar da ƙara suna son Na'Allah ya zo ya ba da shaida cewa su suka hana motoci shiga. Ƙungiya ma tana son ya je.

Ya ce, "Ni da na doke ta na gama a kwana takwas. Ita da ta zo don kada a doke ta, wata biyar ba ta gama ba?"

"Laifin daban-daban ne, Baba. Kai saniya ka taɓa, ita hanya ta taɓa."

Sau uku yana hawa mota daga Inugu zuwa Fatakwal ana ɗagewa. A karo na huɗu aka sa shi a akwatin shaida. Mai gabatar da ƙara ya tambaye shi ko waɗannan mutane sun tare ƙofa, ya ce sun tare. Awa nawa? Uku. Da ba su tare ba, da saniyar ta karye? Ya ce da wuya, don a ciki akwai tudu. Mai gabatar da ƙara ya zauna yana murmushi. Lauyan Dakta ya miƙe ya tambaye shi kwana nawa shanun suka yi a tsaye kafin su iso. Ya ce biyu da yini. An ba su ruwa? Sau ɗaya, a Lokoja, waɗanda hannu ya kai gare su. Motar shanu nawa ya kamata ta ɗauka? Ya ce in don shanun ne, ashirin da biyar. Nawa ta ɗauko? Talatin da huɗu. Lauya ya ce, to a ganinsa wa ya karya ƙafar saniyar?

Na'Allah ya dubi Dakta, tana kallon ƙasa. Ya dubi mutanen ƙungiya da suka cika benci biyu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na cije ta, ni aka ci tara. Amma ni ban loda motar ba, ban rufe ƙofar ba, ban kuma ajiye ta a ƙarƙashin mangwaro ba. Na yi ta tunani, ban gano ba."

Muhyiddeen ya fassara duka a wannan karon. Da aka fito, mutanen ƙungiya suka ce ya ba da su, me ya kai shi ambaton talatin da huɗu. Ɗaya daga cikin masu koren riguna kuma ya wuce shi yana harararsa saboda awa ukun. Dakta Belema ce kaɗai ta tsaya ta gaishe shi, ta tambayi iyali.

Bayan wata goma sha huɗu aka kori shari'ar, ba don an gano wani abu ba, sai don an yi wa ɗan sandan da ke riƙe da fayil ɗin canjin wurin aiki, kuma babu wanda ya ƙara zuwa. A wajen ƙofar abatuwar kuwa wani ya sa an zuba tifa biyu ta jar ƙasa an daddaɓe, ta zama tudu na biyu. Ƙungiya ta ce ita ta yi, masu koren riguna suka ce matsinsu ne ya jawo.

Bara Dakta ta bugo masa waya ta ce za su yi taro a wani otal a Inugu kan safarar dabbobi, tana son ya zo ya yi magana. Kulu ta wanke masa farar rigarsa, Munira ta raka shi don ta yi masa tafinta. Ɗakin yana da sanyi, mutane kusan sittin, kowa da robar ruwa a gabansa. Kafin a kira shi aka kashe fitila aka haska bidiyon nan a bango, fuskarsa ta kai girman ƙofa. Ya sunkuyar da kai. Da aka kunna fitila mai gabatarwa ya faɗi sunansa da wata doguwar magana, sai aka yi ta tafi.

Ya raɗa wa 'yarsa, "Me ya ce?"

"Ya ce kai ne mutum na farko da ya sani da aka hukunta a kan wannan, kuma babu wanda ya fi ka sanin aikin."

"To tafin na wanne ne?"

"Ban sani ba, Baba. Tashi, kai suke jira."

Ya tashi ya yi magana ta kusan minti goma. Ya ce a rage lodi, a samu wurin shayarwa biyu a hanya, a zuba yashi mai kauri a ƙasan mota, kada a ɗaure ƙaho ya yi sama da yawa don wuya yana gajiya kafin ƙafa. Wasu suna rubutawa. Wata mata ta tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce ya yi. Ta ce wato in ya sake samun kansa a wannan hali ba zai cije ba. Ya ce a'a, zai cije, in ba haka ba za su tattake ta. Matar ta dubi Munira kamar fassarar ce ta samu matsala, Munira ta maimaita mata.

Da aka tashi aka raba abinci a 'yan kwalaye, shinkafa da yankan nama biyu. Ya tambayi ma'aikacin otal ɗin wa ya yi yankan, ma'aikacin ya ce daga kasuwa aka sayo, bai sani ba. Na'Allah ya cinye shinkafar, ya bar naman a kwalin, suka fita neman keken da zai mayar da su Ogui.